Daƙiƙa Ashirin a Hannun Manaja

Ka taɓa tsayawa a bakin titi ka lura da abin da hannun yaro ke yi idan mota ta taho a guje? Yaron ba ya ko kallon babban da ke gefensa, hannun ne da kansa yake tashi ya lalubo yatsa ya kama. Ni ban taɓa lura ba sai da Yayana ya nuna min. Muna tsaye a ƙofar shagonsa wani mutum ya zo tsallakawa da 'yarsa, yarinyar na ta zuba surutu tana tsotsar alewa, hannunta na hagu kuwa ya riga ya damƙe ɗan yatsan uban. Yaya ya bi su da ido har suka haye, sannan ya ce da ni, "Kin ga shi ko sani bai yi ba." Ya juya ya koma kan firjin da yake kwancewa.

Yaya mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Shagonsa yana layin da ke bayan tashar mota, tsakanin mai walda da mai wanki da guga. Nawa shagon na kayan wuta yana gaba kaɗan, shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi. Ƙato ne, irin wanda sai ya karkata kafaɗa kafin ya shiga ƙofar kicin ɗin mutane. Na sha ganinsa ya ɗaura firji mai ƙofa biyu a baya ya hau bene da shi, masu gidan na biye suna ta cewa a yi a hankali. Amma abin da ya sa ake nemansa kunnensa ne. Idan aka kawo masa firji ba ya saurin ɗaukar sukudireba. Zai jona shi, ya ɗora tafin hannu a gefensa, ya manna kunne, ya lumshe ido. Can sai ya ce gas ne ya tsiyaye, ko kwamfiresa ce ta gaji, kuma a cikin goma da kyar yake kuskure ɗaya. Yakan ce kowane inji yana faɗin damuwarsa, sai dai sai ka taɓa shi za ka ji.

Ɗansa ɗaya ne. Manaja muke kiransa, domin tun yana ɗan mitsitsi yake shiga shagon ya jera kusoshi daga ƙarama zuwa babba a kan benci, kuma wanda duk ya ɗauki ɗaya bai mayar ba ya shiga uku. Yana shekara uku likita ya gaya musu sunan abin, otizim. Ya ce babu maganin da za a sha ya tafi, haka kan yaron yake ɗaukar duniya: ƙarar da ni da kai ba za mu kula ba shi tana huda masa kunne, kallon ido yana masa nauyi, canjin tsari kuma yana birkita shi. Maganarsa kaɗan ce. Akwai shekarar da na zauna na ƙirga kalmomin da yake amfani da su, ban kai arba'in ba. Idan hankalinsa kwance yake yana wani ɗan amo can ƙasan maƙogwaro, mmm, a miƙe ba hawa ba sauka. Yaya ya ce haka firji mai lafiya yake yi, kuma daga cikin shago, ko da ƙarar walda a maƙwabta, yana iya gane ranar da amon ya canza.

Iyakarsa ke nan, saurare daga nesa. Manaja ba ya yarda ubansa ya taɓa shi. Idan Yaya ya shafa kansa sai ya zabura ya ja da baya, ya dinga goge wurin da hannu kamar an zuba masa mai. Idan za su tsallaka titi, igiyar jakar kayan aikin yake riƙewa. Uwarsa kuwa, wadda nake kira Anti, ba ta da wannan matsalar sosai. Ma'aikaciyar ɗakin magani ce, kullum a makare take, da safe sai ta cafko shi ta naɗe shi da tawul ta goge shi ƙwarai ta zura masa riga, yana ɗan ƙunƙuni amma ba ya gudu. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo da takalman yaron a hannu. Da ya matso da hannunsa a hankali, kamar mai shirin ɗaukar ƙwai, sai kuka. A hankali ya daina gwadawa. Ya koma taɓa kayan yaron: shi ke wanke masa takalmi, shi ke ninke masa riguna, jakar makarantarsa kuwa ya canza mata zif ya fi sau nawa tun kafin ta lalace.

Ni ba na iya zama ina kallon abu ya tsaya cak. Na ce dole akwai wani wuri a garin nan da yaron zai je ya motsa jiki ya ga mutane. Muka kai shi ƙwallo, alƙalin wasa ya busa usur sau ɗaya, Manaja ya toshe kunne ya tsuguna a tsakiyar fili. Muka kai shi ninƙaya, ruwan ya yi masa daɗi amma ihun yara a ɗakin canza kaya ya kore shi. Wajen zane kuwa ya jera musu fensira gaba ɗaya ya hana kowa ɗauka. Wuri biyar muka gwada, Yaya yana bina kawai don kada na ce bai bi ni ba.

Na shida da ƙafarsa ya zo shagona. Wani gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kunnensa ɗaya a murɗe, ya ce in ba shi dogon ƙwan fitila goma sha biyu, kuma wanda ba ya ƙyafta ido, domin yana da ɗalibin da ƙyaftawar ke damunsa. Na ajiye kwalin na tambaye shi wace irin makaranta ce. Ya ce judo, wata irin kokawa ta Japan, yake koyarwa da yamma, a saman shagon taya da ke bayan asibiti, da rana kuma direban motar makaranta ne. Kowa Koci yake ce masa. Kafin ya gama biya na gama ba shi labarin Manaja.

Da na kai wa Yaya maganar ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Auta, yaron da ba a taɓa shi za ki kai inda sana'arsu ke nan taɓa mutum?" Na ce ai kallo ba ya cin kuɗi. Anti ta goyi bayana, ya rasa yadda zai yi da mu.

Ɗakin dogo ne, tsohon sito, yana warin roba saboda tayoyin ƙasa. An shimfiɗe shi da katifu shuɗi masu tauri, akwai benci ɗaya na iyaye a bakin ƙofa. Babu usur, babu kiɗa. Manaja ya tsaya a ƙofa ya ga takalman yara a watse, ya durƙusa ya jera su biyu-biyu, ya miƙe ya ce, "Gida." Aikin da ya yi ke nan a zuwan farko, da na biyu, da waɗanda suka biyo baya. Na fara jin kunya, na ba Koci haƙuri, ya ce in bar shi, tun da ya buɗe wurin nan bai taɓa samun mai kula da takalma ba. Bayan takalma Manaja ya fara zama a bakin katifa yana kallo. Abin da ya kama shi, a ganina, shi ne komai a wurin yana da lokacinsa da gurbinsa. Ana jeruwa bisa launin ɗamara, a rusuna, a koyi faɗuwa, a kama abokin wasa a wuyan riga da hannun riga, a gama a sake rusunawa. Ba wanda zai zo maka ta baya. Wanda zai taɓa ka sai ya tsaya a gabanka ya gaishe ka, kuma idan ka buga katifa sau biyu dole ya sake ka nan take.

Wata rana ba wanda ya ce masa komai ya cire takalminsa ya jera a ƙarshen layi ya hau. Koci ya ba shi farar rigar nan mai kauri kamar buhu. Yaron da Anti ke yanke wa kowace takarda a wuyan riga saboda tana sosa shi, shi ne ya ƙi cire wannan har gida. Faɗuwa ya fara ƙwarewa a kai, yana maimaita abu ɗaya har sai an kashe fitila. Daga nan ya yarda ya kama rigar Koci, daga baya Koci ya kama tasa.

Yaya yana zuwa ɗaukarmu ne kawai, yakan jira a mota. Ranar da ya hau sama, ya tarar ana koyon riƙon ƙasa. Manaja na kwance rigingine, Koci ya danne shi da ƙirji, hannu ɗaya ya zagaye wuyansa, kansu a haɗe. Na ga Yaya ya yi taku ɗaya kamar zai shiga ya ɓamɓare mutumin, sai ya tsaya. Ya karkata kai. Daga ƙarƙashin Koci amon nan yake fitowa, mmm, a miƙe. Ya daɗe a tsaye da makullin mota a hannu, sannan ya juya ya sauka. Na bi shi na same shi a mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ko injin bai tayar ba.

Ya ce, "Ashe ba taɓawar ce ba ya so ba. Ni ne."

Na yi ta kawo masa dalilai, ban san ma me nake cewa ba. Ya ce in je in sauko da yaron kada ya ga mun daɗe.

Manaja kuwa sai gaba yake yi. Ɗamararsa ta tashi daga fara ta koma ruwan ɗorawa, daga baya ruwan lemo. Barcinsa ya daidaita, cin abincinsa ya ƙaru, malamarsa ta makaranta ta aiko tana tambayar me muka canza. Kalmominsa suka wuce inda zan iya ƙirgawa, ko da yake rabinsu sunayen kamu ne da kayarwa. A wata 'yar gasa da aka yi da yaran wata unguwa ya yi wasa huɗu ya ci uku, a wasan da ya faɗi ma ya tashi ya gyara wa abokin wasan ƙullin ɗamararsa kafin ya rusuna. Yaya ya fi kowa murna, ya buga ƙusa a bangon shago ya rataye lambar yabon da aka ba yaron a saman benci, duk wanda ya kawo firji sai ya ji labarinta. Amma a wurin gasar, da yaran suka ruga suna faɗawa jikin iyayensu, shi hannu ya ɗaga wa ɗansa daga nesa, ya mayar da hannun aljihu.

Bai gaya wa kowa ba ya je ya sayo rigar judo, mafi girman da ke kantin, duk da haka ba ta rufe masa tumbi ba. Anti ce ta ba ni labari. Ta ce ta fito daga kicin ta tarar ya ture teburin falo gefe, ya sa rigar a kan wandon aiki, ya tsaya gaban Manaja ya rusuna ya miƙa hannuwa. Ta ce dariya ta kama ta har sai da ta dafa bango. Manaja ya dubi kafet, ya dubi teburin da aka gusar daga wurinsa, ya dubi agogon da ke hannun uban, ya toshe kunnuwa. Ya ce judo a sama ake yi. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, muryarsa na hawa, har sai da aka mayar da teburin daidai kan sawun ƙafafunsa. Anti ta ce da ta ga fuskar Yaya yana cire rigar sai dariyar ta ɗauke. Da daddare ta ce masa, "Baban Manaja, ka je ka yi rajista mana kamar kowa."

Ya je. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, da gwiwar da ke ƙara idan ya durƙusa, ya zauna a ƙarshen layi ƙasa da 'yan shekara shida, domin farar ɗamara ce da shi. Koci ya sa ya cire agogo da zobe, ya duba faratansa ya ga baƙin mai, ya miƙa masa buroshi ya nuna masa famfo. Ya ce masa a nan shi ba baban kowa ba ne, kuma ba zai haɗa shi da Manaja ba sai ya iya faɗuwa. Haka Yaya ya yi ta faɗuwa. Mai shagon taya ya hau sama da kansa ya tambaya ko injin mota ake saukewa. Da safe in na leƙa shagonsa na ga yana dafe da ƙugu sai in ce, sannu ɗan makaranta, an ba ku aikin gida? Ya ce in bari ya samu ɗamara mai launi, ni zai fara kayarwa. Manaja bai nuna ya san da shi a ɗakin ba. Abu ɗaya na lura, takalman Yaya, manyan nan masu ƙarfe a baki, suna shiga layi tare da na kowa.

Ranar da Koci ya haɗa su ina kan bencin iyaye. Manaja ya zo ya tsaya a gabansa, ya dubi faratansa ɗaya bayan ɗaya yadda yake wa kowa, ya rusuna. Ya miƙa hannu ya damƙi wuyan rigar ubansa. Yaya ma ya kai hannu, amma da yatsa biyu ya kama hannun rigar yaron, ɗayan hannun kuma ya ɗora shi a kafaɗarsa sama-sama, kamar mai tsoron fenti bai bushe ba. Manaja ya ɗage kafaɗar. Duk da haka ya daure, ya juya zai yi kayarwar da aka ce, kafin ƙugunsa ya ko taɓa uban sai ga Yaya ya tashi sama da kansa ya faɗi tim, har da ɗan nishi na wasa irin wanda ake wa jarirai.

Manaja ya tsaya yana kallon hannuwansa. Ya ce, "Ƙarya ne." Ya rusuna, ya tafi ƙarshen ɗaki ya zauna yana fuskantar bango. Daga ranar duk lokacin da aka ce a zaɓi abokin wasa sai ya wuce ubansa kamar ginshiƙi.

Bayan an tashi Koci ya tsayar da Yaya. Ya ce ya miƙo hannu. Ya naɗe masa hannun riga, ya bi fatar da kan yatsunsa a hankali tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ya tambaye shi me ya ji. Yaya ya janye yana sosawa, ya ce kamar kiyashi na tafiya. Sai Koci ya damƙi damtsen da ƙarfi ya riƙe. Ya ce wannan fa? Yaya ya ce wannan ai riƙo ne kawai. Koci ya ce da yawa daga cikin yaran nan haka abin yake musu, shafar nan ta lallaɓawa ita ce ke tayar musu da tsigar jiki, riƙo mai nauyi kuwa yana kwantar da su. Ya ce, "Malam, kai tausayinka ne ya yi yawa. Ka riƙe shi kamar ka san ba zai fashe ba. Kuma kada ka sake faɗuwa sai ya kayar da kai."

Muka kama hanyar gida, Yaya na tuƙi. Ya ɗaga hannunsa ɗaya daga sitiyari yana juya shi. Ya ce da wannan yake lanƙwasa bututun ƙarfe, tun ranar da aka miƙo masa yaron a asibiti yake tsoron ya matse shi ya ji masa ciwo, shi ya sa kullum yake sassautawa. Da muka gaya wa Anti ta zauna a hannun kujera. Ta ce ita wallahi sauri ne kawai ke sa ta cafke shi, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin Manaja ya sake yarda. Koci ya ce kayarwa a tsaye ba za ta yiwu da gaske ba tsakanin mai wannan nauyi da yaro, amma riƙon ƙasa zai yiwu. Dokarsa mai sauƙi ce. Ɗaya ya kwanta, ɗaya ya danne shi, idan na sama ya riƙe daƙiƙa ashirin ya ci, na ƙasa kuma aikinsa ya ƙwace. Koci ya tsuguna gefen Manaja, bai kalli idonsa ba, ya ce masa babansa zai yi da gaske wannan karon. Manaja ya ce, "Da gaske?" Yaya daga inda yake ya ce da gaske. Aka miƙo min agogo, tunda kowa ya san halina.

Yaya ya kwanta. Manaja ya zo ta gefensa ya zauna, ya zura hannu ƙarƙashin wuyansa, ya matse hannun uban a hammatarsa, ya sauke ƙirjinsa a kan nasa, ya kwantar da kai har gashinsa na taɓa kumatun Yaya. Na danna agogo. Yaya ya lumshe ido. Ya kwanta lamo, ko yatsa bai motsa ba, ya manta da duk abin da aka ce. A daƙiƙa ta huɗu na ga hannun yaron ya fara saki, kansa ya fara ɗagowa.

Koci ya ce a hankali, "Motsa, malam. Zai tafi."

Yaya ya buɗe ido ya turo ƙugu sama. Nan take Manaja ya koma ya manne, ya baza ƙafafu, ya ƙara matse wuyan. Yaya ya juya hagu, yaron ya bi shi. Ya kai hannu ya damƙi ɗamararsa ta baya, damƙa ta gaske irin wadda yake wa firji a kan bene, ya ja. Ba kuka, ba zabura. Sai ma amon ya fito, mmm, daidai kunnen Yaya. Duk yadda ya yunƙura haka riƙon ke ƙara ƙarfi. Agogo ya kai ashirin na ƙi magana, na ce bari in ƙara masa ko biyar ne. Manaja ya saki da kansa ya miƙe zaune ya ce, "Gwaggo, ashirin." Ashe yana ƙirgawa. Yaran da ke kallo suka yi min dariya, Koci ya ce a karɓe agogon daga hannun wannan.

Da muka ajiye Manaja a gida wajen Anti Yaya ya ce zai kai ni. Ya yi ta magana a hanya, shi da ba mai yawan magana ba. Ya ce akwai wani ɗan tabo bayan kunnen yaron na dama, bai taɓa sanin da shi ba, ko na san inda ya samo shi? Ya ce gashinsa yana ƙamshin sabulun nan kore. Ya ce zuciyarsa na bugawa da sauri amma daidai, ya ji ta a haƙarƙarinsa. Ya ce, "Ya yi nauyi fa, Auta. Yaushe ya yi nauyi haka?"

Tun daga ranar, duk zaman da aka yi sai an ba su zagaye ɗaya a ƙarshe. Matsalar da ba wanda ya hango ita ce Yaya ma koyo yake yi. Ana koya musu yadda ake ƙwacewa, ga shi da ƙarfi, tumbin ma ya fara sauka. Ya san ranar na zuwa, ya kuma san ba shi da damar ɓoye abin da ya iya, domin yaron zai ji a jikinsa. Ta zo kuwa. A daƙiƙa ta tara ya sami ƙafar Manaja ya harɗe ta, ya mirgina, ya fita. Ya zauna a katifa yana haki, fuskarsa kamar wanda aka yi wa sata. Shi da hannunsa ya yar da sauran daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ba mu san yadda Manaja zai ɗauka ba. Ya zauna yana duban ƙafarsa da aka harɗe, ya daɗe. Sannan ya gyara rigarsa, ya nuna katifa da yatsa ya ce, "Sake." Yaya ya koma ya kwanta. Wannan karon yaron ya janye ƙafar nesa, ya sauke nauyinsa gaba ɗaya, ya riƙe shi har ƙarshe.

Haka suke har yanzu, wata rana ya ƙwace, yawanci ba ya iyawa. A gida ba abin da ya canza. Manaja yana zama a ƙarshen doguwar kujera, Yaya a ɗaya ƙarshen, da filo a tsakani. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaron Anti ce ta riƙe shi, Yaya yana miƙo ruwa da tawul. Ya taɓa ce min wani lokaci yana sha'awar a ce sau ɗaya dai abin ya zo babu rusunawa, babu mai riƙe da agogo, yana cikin aiki kawai ya ji an faɗo masa a baya. Ya yi dariya ya ce to ai ba a gama rayuwa ba. Koci kuma ya fara maganar cewa nan gaba kaɗan Manaja zai fi ƙarfin ajin nan, akwai wani wuri a ƙetaren gari inda ake horar da matasa masu shiga manyan gasa, kuma can ba sa ɗaukar masu farar ɗamara 'yan arba'in da wani abu. Yaya ya ce a kai shi, kada a tsaya saboda kowa. Washegari na ga ya rufe shago tun kafin lokaci, ya bar firji biyu a buɗe, yana ta goge farata a bakin famfo.

Ina da roƙo ɗaya gare ka. In akwai wani naka a gida da zai yarda, ɗa ne ko ƙane ko tsohonka, ka tambaye shi tukuna, sannan ka sa agogon wayarka daƙiƙa ashirin ka riƙe shi da kyau, riƙo mai nauyi, kada ka saki sai ta yi ƙara. Ka gwada yau ka ga abin da za ka gano a jikinsa wanda ba ka san da shi ba.